Gidan da Na Fara Kira

Da sunan Wanda ya ɗaga sama ba ginshiƙi, ya juya rana ba igiya, nake buɗe wannan magana. Ni ne Korau ɗan Mantau maƙeri, mutumin Tsagu. Na ƙetare hamada biyu da teku guda, na ci tuwon ƙabilu goma sha ɗaya, na shekara shida ina neman mai laifi. Wanda ke son labarin da ake tashi ana dariya, ya nemi wani mai ba da labarin.

Tsagu gari ne a ƙasan wani kwazazzabo mai zurfin gaske, wanda in ka jefo dutse daga samansa sai ka gama gaisawa da mutum kafin ka ji faɗuwarsa. Rana ba ta leƙo mu sai da tsaka, ta ɗan tsaya kamar baƙuwa mai sauri, ta wuce. Abin da ke raya gonakinmu shi ne wani madubin tagulla da ke can saman dutse, yana kamo haske yana jefo mana. An kafa shi ne a kan wani ƙaton mulmulallen dutse da ke zaune cikin kwarmi cike da man gyaɗa, saboda haka babu inda ba zai iya fuskanta ba. Gidaje uku ke juya shi, kowanne da faifansa na katako kafe a wuri ɗaya. Gidan Babba ke sa shi waiwaye, dama ko hagu. Gidan Tsaka ke sa shi sunkuyo. Gidan Auta ke karkata shi gefe, kamar mai kasa kunne. A bakin kowane faifai akwai tsaga ɗari uku da sittin, da su ake ƙidaya juyi.

Ni ne mai kira. Kullum da hantsi nakan tsaya a kan dandamali in ce, "Gidan Babba, tsaga biyu dama. Gidan Tsaka, tsaga ɗaya. Gidan Auta, rabi." Shekara goma sha biyu ina wannan aiki ban taɓa kuskure ba, kuma ina da girman kai a kan haka. Ku riƙe abu ɗaya game da mu: a Tsagu ba a ambaton ƙane kafin wa, ko a gaisuwa, ko a rabon nama, ko a zagi.

Da tsohon madubi ya tsage, mahaifina ne ya zuba sabo, mai ɗan kwarmi don ya fi tara haske. Aka ɗora shi a kan dutsen a rufe da fatu, fuskarsa na duban wani gefe dabam. Sai an yi masa manyan juyi kafin ya dubi gonaki. Baba ya kwana arba'in yana lissafi. Ran da za a buɗe, ya miƙo mini allo ya ce, "Korau, ka kira yadda na rubuta." Ya gangara ƙasa don ya ga saukar hasken da idonsa.

Na duba allo: Auta, tsaga saba'in. Babba, hamsin da biyar. Tsaka, arba'in. Na yi murmushi, na ce a raina tsohon nan lissafi ya mantar da shi ladabi. Ga Dogara, shugaban Gidan Babba, tsaye gefena da sandarsa. Na rufa wa Baba asiri, na kira lambobinsa daidai, ban rage ko rabin tsaga ba, amma na jera su yadda aka saba: Babba, Tsaka, Auta. Aka yaye fatu.

Hasken bai sauka a gonaki ba. Ya sauka a kan rumbunan gari, dunƙule wuri ɗaya, fari fat. Kafin a sake rufe madubin rumbu talatin da huɗu sun kama da wuta, har da wanda aka ajiye iri. A shekarar mun ci ganyen da ko akuya takan yi shawara kafin ta ci.

Dattawa suka zauna. Masu faifai suka rantse sun juya abin da aka kira, ni na rantse na kira abin da aka rubuta. Ya rage lissafin Mantau. Aka karɓe masa guduma da awartaki, aka kai shi Inuwa, can ƙarshen kwazazzabo, inda ko rana ko madubi ba su kaiwa, inda sanyi ke shiga ƙashin mutum ya ƙi fita. Baba bai kare kansa ba. Ni na yi ta zuba har Dogara ya ɗaga hannu.

"Ɗan Mantau," in ji shi, "kawo mana shaida cewa laifin ba a lambobinsa yake ba. Ranar za mu fito da shi, mai laifin ya maye gurbinsa."

Na je sallama. Baba na zaune a ƙofar bukka ya lulluɓa da bargo, ya ce, "Zauna gida, ka ji? Ba abin da za ka samo wanda zai yi maka daɗi." Na ɗauka karaya ce ta tsufa. Na rataya allon a wuya, na soke wata doguwar ƙusa daga maƙerarsa a ɗamarata don tunawa, na fita ina rantsuwa sai na gano munafukin da ya yi masa wannan aiki.

Bayan wata tara na isa Kewayau, birnin da aka gina a kan ginshiƙan ƙarfe a tsakiyar wani tafki baƙi. Mutanensa gwanayen zobba ne. Fitilunsu, tukwanensu, har gadon jariransu, duk a rataye suke cikin zobe uku, ɗaya cikin ɗaya, yadda ko gida ya girgiza ba abin da ke zuba. Baƙo kuwa, suna da irin tasu tarbar. Sukan sa shi cikin kejin ƙarfe mai buɗaɗɗen baki a tsakiyar manyan zobba uku a saman ruwa, ƙarti uku su kama juyawa tun hantsi har inuwa ta dawo ƙarƙashin ƙafa. In sun kifar da bakin kejin ka zube, kadojin tafki sun yi kalaci. In ka kai tsakar rana, an ba ka izinin tambaya.

Suka fara. Na maƙale da sandunan kejin, sama ta koma ƙasa. Sau uku ƙafafuna suna reto a kan bakin kada. Amma ɗan maƙeri ko yana mutuwa idonsa na kan ƙarfe. Na lura zoben waje yana juyawa ne a kan tsayayyen turke, kamar mai waiwaye. Na lura kuma duk sanda zoben tsakiya ya zo ya kwanta daidai cikin na waje, turken zoben ciki shi ma sai ya miƙe tsaye, bakin kejina ya dubi gefe. A wannan ɗan lokacin, mai juya na waje da mai juya na ciki aiki ɗaya suke yi, babu mai iya kifar da ni. Na jira ya sake zagayowa, na zura hannu na cusa ƙusar Baba tsakanin zobban biyu, na danna da duk ƙarfina.

Ƙartin suka yi ta fama har gumi ya wanke su. Keji ya yi ta katantanwa a tsaye, na yi amai har na ga abincin shekaranjiya, amma ban zube ba. Da rana ta take tsaka aka sauko da ni gaban Jatau, sarkin maƙeransu, wani mai ido ɗaya da dariya ba ta yi masa wuya.

"Ka gano kullen zobba da kanka," ya ce. "Hanya uku ta koma biyu. Mu ma shi ke ba mu ciwon kai. Yi tambayarka."

Na nuna masa allon, na ba shi labari. Ya sa aka kawo ƙananan zobba ya gwada lambobin, ya girgiza kai ya ce babu kulle a nan. Ina kallo almajiransa suna saita zobban, wani ya fara da na ciki, wani ya fara da na waje, kuma duk wuri ɗaya suke ƙarewa. Na tambaye shi ko akwai wanda ya kamata a fara juyawa.

"Fara da wanda ka ga dama, baƙo. Zobe bai san babba da ƙarami ba."

Wani ɗan abu da ya daɗe yana sukata a ƙasan zuciya ya kwanta a ranar. Na zaro ƙusar Baba, na bar Kewayau da sauƙin rai, kuma yanzu in na tuna wannan sauƙin rai kunya nake ji.

Bayan na yi kusan shekara biyu ina yawo, na bi Hayaƙawa, masu tafiya a sararin sama cikin kwanduna da ke rataye a jikin manyan buhunan fata cike da hayaƙi mai zafi. Shekara biyu ina hura musu wuta. A wurinsu in ka ce a juya dama sai a tambaye ka, "Daman wa? Na wanda ke cikin kwando, ko na wanda ke kallo daga ƙasa?" Sun ce kakanninsu sun yi asarar kwanduna tara kafin su koyi wannan tambaya. Na yi murna, na ce na kama ɓarawona. Na ciro allo, sai na ga Baba ya zana kibiya a gefen kowace lamba, babu wurin ruɗewa. Su ne suka ce in nemi Gwamma, tsohuwar da ke ƙera musu abin auna taurari, suka sauke ni a kan Dutsen Juyau, wanda ke zagaya kansa sau ɗaya a shekara, har ƙofar da ke duban gabas da rani ta dubi yamma da damina.

Na tarar da ita tana dama fura a tsakar gida, ƙanƙanuwar mace mai hannun maƙera. Na durƙusa na gaishe ta, na kwance mata labarina tun daga tushe. Ba ta ɗago ba sai da na zo kan mulmulallen dutse.

"Dutse cikin mai? Ba zobba ba?"

"Ba zobba, Iya. Faifai uku, kowanne kafe a wurinsa."

Ta lashe ludayin, ta ajiye shi a tabarma, bakinsa na duban sama, mariƙinsa na dubana. "Sa shi waiwaye rubu'in zagaye, mariƙin ya koma damanka. Sannan ka sa shi sunkuyo gaba, shi ma rubu'i."

Na yi. Ludayi ya kwanta a kan gefensa, mariƙi a dama, bakinsa ya ba ni baya.

"Mayar da shi yadda yake. Yanzu fara da sunkuyo, ka ƙare da waiwaye. Kada ka ƙara, kada ka rage."

Na sa shi sunkuyo, mariƙin ya miƙe sama. Na sa shi waiwaye, bakinsa ya dubi hagu. Na tsaya da ludayi tsaye a hannuna. Juyi iri ɗaya, awo iri ɗaya, amma ɗazu yana kwance yanzu yana tsaye. Na sake, na kuma sakewa, har sau bakwai, ina neman inda hannuna ya yi mini ha'inci.

"Amma a Kewayau na gani da idona," na ce. "Kowanne aka fara, ɗaya ne."

"Su ai maƙerin ya riga ya jera musu. Na ciki yana cikin na tsakiya, na tsakiya yana cikin na waje, jerin yana jikin ƙarfe, ba mai iya sauya shi. Dutsenku ba shi da wannan. Naku jerin a bakin mai kira yake."

"Shekara goma sha biyu ina kira, Iya, bai taɓa kaucewa ba."

"Tsaga nawa kake kira a rana?"

"Ɗaya, biyu."

"To. Ƙaramin juyi ba ya faɗa da ɗan'uwansa, bambancin bai kai ƙwayar gero ba. Sai sun girma suke nuna hali." Ta miƙo hannu. "Mu ga allon. Auta, Babba, Tsaka. Wanda ya rubuta wannan ya san aikinsa. Haka aka kira?"

Ta dube ni, ta dubi allon, ta tura mini ƙwaryar fura, ta tashi ta shiga ɗaki ta bar ni. Shekara huɗu da rabi ina tsine wa mutumin da ya hallaka ubana, ina zaɓar irin dukan da zan yi masa, ashe da ƙafafunsa nake tafiya. Na yi kuka a tsakar gidan nan har kaji suka daina tsorona.

Na zauna wurinta wata biyar, don na san dattawan Tsagu ba za su yarda da hawaye ba. Muka sassaƙa ƙaramin dutse da ƙaramin madubi, muka gwada jerin Baba, haske ya sauka inda muka zana gonaki. Muka gwada nawa, ya sauka can gefe. Ta koya mini wani abu kuma: komai yawan juyin da ka tara, akwai turke guda da juyi guda da za su kai ka wuri ɗaya, in ka iya lissafinsu. "Wanda ya san wannan," in ji ta, "ba ya buƙatar gida uku, balle faɗan wa za a fara kira."

Komawa ta ci mini shekara. Ban tsaya gaishe da kowa ba, na zarce Inuwa. Baba na nan a ƙofar bukka cikin bargon nan, sai dai bargon ya yi masa yawa yanzu, yatsunsa sun lanƙwashe ba su miƙewa. Na zube gabansa.

"Baba, ni ne. Ni na sauya jerin."

"Na sani."

"Ka sani?"

"Ina tsaye a gona na ji ka ce Gidan Babba. Kiran sama yana saukowa, muryar ƙasa ce ba ta hawa. Na yi ihu har makogwarona ya fashe." Ya yi tari mai tsawo. "Laifina ne da ban gaya maka dalili ba. Na ɗauka umarni ya isa."

"Me ya sa ba ka faɗa wa dattawa ba?"

"In ce musu me? A kawo ɗana nan ya zauna?" Ya dube ni sama da ƙasa. "Na ce ka zauna gida. Shekara shida, Korau. Da kana nan ko ruwa ka ɗumama mini."

Wannan maganar ta fi kadojin Kewayau haƙora.

Washegari na tara dattawa a dandalin gari. Na yi musu gwajin ludayi, na yi musu na ƙaramin madubi, na ba Dogara ya juya da hannunsa. Ya juya sau biyu, haske ya sauka wuri biyu. Na ga idonsa, na san ya gane sarai, don ba wawa ba ne.

"Ranka ya daɗe," na ce, "ga shaida. Lambobin Mantau daidai suke. Ni ne mai laifi. Ku fito da shi, ku kai ni."

Suka haɗa kai suna ƙus-ƙus. Can Dogara ya gyara zama.

"Ɗan Mantau, me ka yi a ranar?"

"Na kira Gidan Babba kafin Gidan Auta."

"Kana so majalisar nan ta zauna ta ce wanda ya kira babba kafin ƙarami ya yi laifi?"

"Ina so ta ce abin da ta gani."

"Mun gani. Abin wasanka yana da kyau. Amma kai ka yi abin da iyayenka suka koya maka, ba mu da hukunci a kanka. Wanda ya ɗora auta a saman allo, shi ya kawo abin da gari bai sani ba." Ya miƙe ya kakkaɓe riga. "Je ka huta, ka sha hanya."

Na roƙe su, na zage su, na tsaya a kasuwa ina shelar laifina. Mutane suka ce tafiya ta taɓa mini kai, mata suka riƙa aiko mini da abinci don tausayi. Na nemi hukunci kamar yadda mayunwaci ke neman tuwo, garin nan ya hana ni. Madubin kuwa, tun bayan gobara sun lallaɓa shi da tsaga ɗaya-ɗaya har ya dubi gonaki, wani sabon mai kira yana jera su Babba, Tsaka, Auta, kowa na cin tuwo da hasken da Mantau ya zuba.

Abu ɗaya ya rage a hannuna. Na ɗauki farantin tagullar da mahaifiyata ta bari, na goge shi kwana uku, na hau saman dutsen da ke bisa Inuwa. Na auna inda rana ke tsayawa da hantsi, na auna inda ƙofar bukkar take, na yi lissafin Gwamma. Turken da ya fito karkatacce ne, ba ya duban gabas ko yamma, ba na gidan kowa ba ne. Na kafa ƙusar Baba a tsagar dutse a kan wannan karkata, na ɗaura faranti, na juya shi sau ɗaya. Na gangara da gudu.

Na same shi zaune, haske kamar faɗin faifai a kan ƙirjinsa. Ya sa karkatattun yatsunsa a ciki yana juya su.

"Juyi nawa?" ya tambaya.

"Ɗaya, Baba."

"Ɗaya." Ya daɗe yana kallon hannunsa. "Gobe ka zo da allo, ka nuna mini yadda aka yi."

Kwana goma sha ɗaya ya sha wannan rana, kullum gwargwadon shan ƙwaryar kunu, ni kuma ina gefensa ina zana masa lissafi. Ya kama ni da kuskure sau biyu. Ran na goma sha biyu hasken ya sauko ya tarar mun riga mun ɗauke shi. A wurin jana'iza mai sanarwa ya jera waɗanda suka halarta, ya fara da Gidan Babba.

Nan na kawo ku, nan zan ajiye ku. Ban koma dandamali ba, ban kuma sake barin Tsagu ba. A bukkar nan nake zaune yanzu, ba wanda ya kai ni, ba wanda ya hana ni. Kowane kwana bakwai nakan hau in gyara farantin, don rana tana sauya hanya. Da hantsi hasken yakan sauko kan dakalin ƙofa inda yake zama, ni kuma in matsa gefe in ba shi wuri.